Ƙotar Mahaifina da Allon Madannaina

A daren wata Laraba cikin damunar bara, ina zaune ina fafutukar kammala babi na shida na wani littafi da na shekara uku ina fama da shi, sai harafin "a" ya ƙi fitowa. Na danna, shiru. Na sake dannawa da ƙarfi, shiru. Na ɗaga allon madannan, wato abin da ɗalibaina ke kira kibod, na kife shi na karkaɗe, na hure ƙura, na zare wayarsa na mayar, duk a banza. Wanda duk ya taɓa rubuta Hausa da kwamfuta ya san abin da wannan ke nufi. Mutum na iya lallaɓawa ya yi layi biyu ko uku babu "j" ko "z", amma da wuya ya kai ƙarshen jimla ɗaya babu "a". Na zauna na yi tagumi ina kallon abin, kamar wanda jakinsa ya kwanta masa a tsakiyar hanyar kasuwa.

Shekara goma sha biyu muna tare da wannan allo. Ba irin shimfiɗaɗɗen nan ba ne da ake haɗowa da kowace kwamfuta. An raba madannansa gida biyu, na hannun dama da na hagu, kowane ɓangare ya ɗan karkata kamar littafin da aka buɗe aka ajiye. Tsakiyarsa ta tasa kamar kunyar dankali, a gabansa kuma akwai ɗan matashi mai laushi inda tafin hannu ke hutawa. Duk baƙon da ya shigo ofishina sai ya tambaye ni ko rana ce ta narkar da shi.

Washegari na shiga neman irinsa. Na zaga shagunan titin Beirut, na leƙa Farm Centre da Sabon Gari, kowa na nuna wa hotonsa sai ya girgiza kai. Na sa wani tsohon ɗalibina da ke Legas ya duba mini kasuwar kwamfuta ta Ikeja, ya dawo da labarin babu. Daga ƙarshe na shiga shafin kamfanin da ya ƙera shi, wanda ba sai na ambaci sunansa ba, a nan na ga cewa an daɗe da daina yin sa. Wanda suka fitar a madadinsa siriri ne, shafal, kyakkyawa a ido, amma babu tudun nan na tsakiya. 'Yan tsofaffin da suka rage a hannun masu sayar da kayan gwanjo a intanet kuwa, in aka haɗa kuɗinsu da na dako aka juya zuwa naira, abin ya kusa cinye rabin albashina.

Mai karatu zai iya cewa, to mene ne abin tayar da hankali a kan kibod? Dalilin da ya haɗa ni da shi tun farko ciwo ne. A shekarar 2012, ina tsakiyar rubuta kundin digirina na uku, nakan yi awa bakwai ko takwas a rana ina bugu a kan kwamfutar tafi-da-gidanka. Sai ƙaramin yatsana na hagu ya fara sagewa, kamar kiyashi na yawo a cikinsa. Daga nan ciwo ya haura gefen tsintsiyar hannu har gwiwar hannu. Ta kai ɗaukar buta ma sai na yi dabara. Da na je asibiti, likitan bai fara da rubuta magani ba. Cewa ya yi, "Malam, ɗora hannuwanka a kan teburin nan yadda kake ɗora su in kana rubutu."

Na ɗora. Sai ya nuna mini abu uku da ban taɓa lura da su ba. Na farko, saboda madannan sun cunkushe wuri guda, hannuwana sukan matso kusa da juna alhali kafaɗuna na nesa da juna, don haka dole tsintsiyar hannu ta lanƙwashe zuwa wajen ƙaramin yatsa. Na biyu, tafin hannuna na kife yana kallon ƙasa, wanda hakan ke sa ƙasusuwa biyun da ke tsakanin gwiwar hannu da tsintsiya su gitta wa juna. Na uku, na kafa gindin tafin a kan tebur na ɗaga yatsu sama. Sannan ya ce in miƙe tsaye in saki hannuwana su faɗi a gefena. Da na saki sai na ga tafukan cinyoyina suke kallo, tsintsiyar kuma a miƙe take sambal. Ya ce haka hannu yake idan yana hutawa, duk wani zama da ya kauce wa wannan aiki ne ga jijiyoyi, ko da mutum bai ji ba. Ya ƙara da cewa jijiyar da ke kai saƙo ga ƙaramin yatsa da rabin na kusa da shi ta bayan gwiwar hannu take bi, daidai wurin nan da in mutum ya buge yakan ji kamar lantarki ya ja shi, ni kuwa nan nake dannewa a gefen tebur wuni guda.

Bai ce mini allon madannai magani ba ne. Ya umarce ni da hutu da gyaran zama, ya kuma gargaɗe ni cewa irin wannan sagewar na da dalilai da yawa, ciki har da ciwon sukari, don haka sai da aka gwada jinina. Amma ya ce in zan samu allon da aka raba biyu aka ɗaga tsakiyarsa, zai rage lanƙwasar farko da ta biyu. Wani abokina da ke karatu a ƙasar waje ya taho mini da shi. Mako biyun farko na sha wahala, yatsuna na ta lalube kamar baƙo a gidan da babu fitila. Bayan wata uku ciwon ya lafa, na kammala kundina, na kuma manta da cewa ina da ƙaramin yatsa. Wannan mantuwar ita ce babbar shaidar kayan aiki na ƙwarai: mai aiki ya daina jin su, hankalinsa ya koma kan aikin.

Da allon ya mutu na koma kan shimfiɗaɗɗe, ko mako uku ba a yi ba kiyashin nan ya dawo. Na kai kukana ɗakin shan shayi na sashenmu, wani abokin aikina ya yi dariya ya ce, "Haba Dakta, sabo turken wawa. Ga kibod nan birjik a kasuwa, ka sayi ɗaya ka saba da shi mana." Na yi dariya tare da shi, amma maganar ta mayar da ni gida, Kafin Dafga a ƙasar Ƙaraye, inda aka haife ni, ta kuma tuna mini da mahaifina, Allah Ya jiƙansa.

Mahaifina manomi ne, bai taɓa taɓa kwamfuta ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Amma ba ya sayen fartanya haɗaɗɗiya a kasuwa. Ruwan fartanyar yakan yo a wajen maƙeri, ƙotar kuwa akwai wani tsohon masassaƙi a garinmu da shi kaɗai ke yi masa. Ina yaro ya sha tafiya da ni. Tsohon ba ya ɗaukar gizago sai ya ce, "Ɗana, sunkuya in gani, kamar kana noma." Mahaifina ya sunkuya ya yi kamar yana jan ƙasa. Tsohon ya dubi bayansa, ya auna hannunsa da kamu da taƙi, ya sa ya damƙi sanda don ya ga kaurin da tafinsa ke rufewa a kai. Sannan ya shiga cikin itacen da ya tara, marke ne ko aduwa, ya zaɓo reshen da ƙuƙuminsa ya lanƙwashe daidai yadda yake so. In ya gama sassaƙa ya miƙa, yakan ce a je a yi noman kwana biyu a dawo. In mahaifina ya ce tana cin sa a gindin babban yatsa, sai ya ɗan fere wurin. Ƙotar Baffana, wanda ya fi mahaifina tsawo, daban take, kuma ko a duhu kowannensu ya ɗauki ta ɗan'uwansa zai ajiye.

Shekarar da tsohon ya rasu, ƙotar mahaifina ta tsage ana tsakiyar maimai. Babu yadda ya iya, ya sayo ta kasuwa. A damunar nan na fara ganin sa yana miƙewa a tsakiyar kunya yana dafe ƙugu. Na tuna na ce masa, da wautar ɗan makaranta, ai fartanya fartanya ce. Ya dube ni ya ce, "Kai ɗan boko, takalmi ma takalmi ne. Sa na ƙanenka ka je Rogo a ƙasa ka dawo." Abin da ya yi daga baya shi ne abin da ya tsaya mini a rai. Bai jefar da tsagaggiyar ƙotar ba. Ɗaure ta ya yi da tsirkiya, ya kai wa wani matashin masassaƙi a wani ƙauye kusa da mu, ya ce ya kwaikwaya. Na farko bai yi ba, na biyu ya ɗan kusa, na uku ya zauna. Mai yi ya mutu, amma sana'ar na nan a kusa, samfurin kuma na hannun mai shi.

Da wannan tunanin na sa allona a jaka na koma titin Beirut, wannan karon neman mai gyara. Wani matashi a wani ɗan lungun shago ya karɓa, ya juya shi yana murmushi, ya kwance kusoshinsa. A ciki babu wani abin al'ajabi. Ledoji ne sirara guda uku a jere, biyu an zana musu layuka masu ruwan azurfa waɗanda lantarki ke bi, ta tsakiya kuma mai huji-huji ce da ke raba su. A ƙarƙashin kowane madanni akwai ɗan ƙoƙon roba, wanda in an danna yake haɗa ledar sama da ta ƙasa, in an saki ya mayar da madannin sama. Ya ɗaga ledar ya haska da fitilar waya, sai ya ce, "Yallaɓai, duk allon nan lafiyarsa ƙalau. Harafi ɗaya ka kashe. Robar 'a' ta yage, layinsa ya goge, ga 'q' ma ya kama hanya. Wai me kake rubutawa haka?" Na ce masa Hausa. Ya yi dariya ya ce shi dai bai san akwai "q" a Hausa ba.

Tambayarsa ta buɗe mini ido a kan abin da na shekara ashirin ina yi ban lura ba. Mai karatu ya ɗauki wannan jimla: "Na tafi Kano da safe na dawo da yamma." Haruffanta 29 ne, 10 daga ciki "a" ne. Ya gwada da kowace jimla ya ga dama, zai tarar babu harafin da ke kusa da "a" wajen yawa a Hausa. To a allon madannai ina aka ajiye shi? A can ƙarshen layin tsakiya, ƙarƙashin ƙaramin yatsan hagu, mafi rauni a cikin yatsu goma. Kamar a ce gida ya fita gona, a ɗora wa autan gida garma, manya su riƙe ƙoƙon iri.

Ba da mugunta aka yi haka ba, ba a san da mu ba ne. Jerin haruffan da muke amfani da shi, wanda ake kira QWERTY saboda haruffa shidan farko na layin sama, ya samo asali ne daga keken rubutun da Christopher Latham Sholes da abokansa suka ƙirƙira a Amurka, wanda kamfanin Remington ya fara sayarwa a 1874. Damuwarsu a lokacin ita ce sandunan ƙarfen da ke ɗauke da haruffa, da kuma harshen Ingilishi. Hatta yadda layukan madannai suka goce wa juna, maimakon su jeru ɗoɗar kamar yadda yatsu ke miƙewa, an yi ne don sandunan su sami hanyar wucewa. Yau babu sanda ko ɗaya a cikin kwamfuta, amma gocewar na nan. Tazarar da ke tsakanin madanni da madanni, kimanin milimita 19, ita ce dai ga ƙato ga yarinya. A 1936 August Dvorak ya yi rajistar wani sabon jeri da ya tattara wasulan Ingilishi a layin tsakiya don rage wa yatsu yawo, sai dai shi ma ya bar "a" a inda ya same shi, domin a Ingilishi "e" ne sarki.

Batun "q" kuwa labarinsa na gida ne. A shekarun 1930, lokacin da Rupert East ke jagorantar Hukumar Talifi a Zariya, aka tsayar da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, a rubutun boko, kuma jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, ta taimaka wajen kai su ko'ina. Sai dai tafiretocin da suka cika ofisoshinmu na Ingilishi ne. Ina firamare na sha ganin malaminmu na Hausa ya zauna da takardun da aka bugo, yana bin su ɗaya bayan ɗaya da biro yana ɗora wa haruffa ƙugiya, don kada yaro ya karanta "kafa" a inda ake nufin "ƙafa". Da kwamfuta ta zo, matsalar ta biyo ta, har zuwa tsakiyar shekarun 1990, lokacin da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya samar da nau'o'in haruffan kwamfuta da aka sani da Rabi'at da Abdalla. Wannan aiki ya share wa marubuta da maɗaba'u hawaye, kuma duk wanda ya rubuta kundi da Hausa a zamaninmu ya ci moriyarsa.

Dabarar irin waɗannan haruffa ita ce aron madannan da Hausa ba ta buƙata. A wani tsarin, in ka danna q sai ƙ ya fito, x ya ba ka ɗ, v ya ba ka ɓ. A wani tsarin kuma madannan baka-baka aka ara. Shi ya sa har gobe mai karatu kan ci karo da rubutu a intanet da ke cewa "qasa" da "xaya", ko "}asa" da "]aya", idan aka buɗe shi a na'urar da ba ta da haruffan. Ni da tsarin q na saba. Ashe duk lokacin da na rubuta "ƙasa", ƙaramin yatsan hagu ne ke hawa sama ya danna q, ya sauko ya danna a, ya jira na kusa da shi ya danna s, ya sake danna a. Kalma mai harafi huɗu, uku a wuyan auta. Yanzu tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu lambarsa ta dindindin, akwai tsarin Hausa a cikin Windows, akwai shi a manhajojin waya irin su Gboard, rubutu ya daina rikiɗewa. Amma kowace manhaja da inda ta ɓoye ƙugiyoyin, kuma a jikin allon da ake sayarwa a kasuwa babu ko ɗaya da aka zana. Da yawa daga ɗalibaina sun zaɓi hanya mafi sauƙi, sun daina sa ƙugiya baki ɗaya. Ba na ganin laifinsu sosai. Abin da hannu ke shan wahala kafin ya kai gare shi, a hankali yakan bar shi.

Akwai waɗanda suka ƙi yarda da wannan hali. A Turkiyya, wani malamin koyar da bugun tafireta mai suna İhsan Sıtkı Yener ya jagoranci aikin ƙidaya haruffan harshensu, aka tsara jerin da ake kira F, aka kuma amince da shi a hukumance a 1955. A wannan jeri "a", wanda su ma yake da yawa a harshensu, yana layin tsakiya ƙarƙashin manuniyar hagu, yatsa mai ƙarfi. Gaskiya ne zuwan kwamfuta ya sa Turkawa da yawa sun koma QWERTY, amma jerin nasu na nan a cikin na'urori ga mai so, domin hukuma ta san da shi.

Ta ɓangaren daina ƙera abin da hannu ya saba da shi ma, ba ni kaɗai ba ne a duniya. Kamfanin Microsoft, wanda ba shi ya yi nawa ba, shi ne ya yayata rababben allo tun 1994, samfurinsa na 2005 kuma ya shafe shekaru masu yawa a kasuwa. A watan Afrilun 2023 ya bayyana cewa zai daina fitar da irin waɗannan kayayyaki da sunansa. A Janairun 2024 sai wani kamfani mai suna Incase ya sanar da cewa ya karɓi izinin ci gaba da ƙera wasu daga cikinsu. Haka allon IBM da ake kira Model M, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1980: da manyan kamfanoni suka juya masa baya, wasu tsofaffin ma'aikata sun kafa Unicomp a 1996 a garin Lexington na Amurka, suka ci gaba da yin sa. Wasu masu sha'awa kuma sun zana rababbun alluna irin su ErgoDox suka saki zanen kyauta, duk mai iyawa ya haɗa nasa, ya kuma ɗora kowane harafi inda ya ga dama. A duk waɗannan misalai abin da ya faru shi ne abin da mahaifina ya yi: mai yi na farko ya tafi, aka sami na kusa da ya karɓi samfurin. Kamfani ɗan kasuwa ne, ranar da lissafinsa ya nuna babu riba zai rufe, kuma ba zai aiko Kafin Dafga ya tambayi ra'ayin kowa ba. Bambancinmu da su shi ne, su in an rufe suna da wanda zai ɗauka.

Ni dai malami ne, ina da ofis da kujera da likita. Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne matasan nan, mata da maza, da ke zaune a shagunan buga takardu a bakin kowace jami'a da kwaleji da sakatariyar ƙaramar hukuma, daga safe har magariba suna buga kundayen ɗalibai a kan benci ko kujerar roba, da allon da ya fi kowane araha a kasuwa. Da shafi ake biyan su, don haka hutu asara ne a wurinsu. Na tambayi wata da ke buga wa ɗalibaina aiki ko hannunta na ciwo, ta ce, "Malam, ai kullum da man zafi nake kwana." Ga ire-irensu, ko babu rababben allo akwai abin yi. A daidaita kujera da tebur yadda gwiwar hannu za ta zama daidai da tsayin madannai. A kwantar da 'yan ƙafafun nan na bayan allo, domin ɗaga su na ƙara lanƙwashe tsintsiya sama. Kada a danne gwiwar hannu ko tsintsiya a kaifin tebur. A riƙa miƙewa ana saki hannu lokaci zuwa lokaci. In kuwa sagewa ta fara tayar da mutum daga barci, to lokacin ganin likita ya yi, man zafi ba zai wadatar ba.

Sauran aikin namu ne, mu da ke cikin jami'o'i. Muna da cibiyoyin nazarin harsuna a Kano da Sakkwato da Zariya, muna da sassan injiniya da na kimiyyar kwamfuta, ƙasa kuma na da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA. Ƙidaya haruffan Hausa daga jaridu da littattafai aiki ne da ɗalibin shekarar ƙarshe zai iya yi da kwamfutarsa. Zama a tsayar da jeri guda, tare da 'yan'uwanmu na Nijar waɗanda ke rubuta ƴ a inda muke rubuta 'y, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. In an tsayar, a saki zanen kyauta, a koya wa masu gyara irin na titin Beirut haɗa shi, yadda in wani ya daina wani zai ɗauka. Ba na cewa a rushe QWERTY gobe, domin yatsun miliyoyin mutane sun riga sun haddace shi, kuma mafi yawanmu muna rubuta Ingilishi da Hausa a allo ɗaya. Amma a ce ƙ da ɗ da ɓ suna da mazauni sananne, a zane, a kusa da yatsa, wannan bai fi ƙarfinmu ba. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Matashin nan ya gyara mini allona. Ya yanko ƙoƙon roba daga ƙarƙashin wani madanni na can sama da ban taɓa dannawa ba tun da na mallake shi, ya dasa a gurbin "a", ya bi layin da ya goge da wata tawada mai ɗaukar lantarki. Da zai miƙo mini ya ce, "Yallaɓai, gaskiya ɗaya ce, wannan gyaran ba na har abada ba ne. Ka riƙa tausaya masa." Na kammala babi na shida da na bakwai da shi. Harafin ya ɗan fi sauran tauri, kullum yana tuna mini cewa kwanakinsa ƙidayayyu ne. Na kuma fara koya wa yatsuna barin q, abin da ya fi wuya fiye da yadda na zata.

Da Babbar Sallah na je gida. Bayan mun gaisa da Baffa na tambaye shi ko tsohuwar ƙotar nan na nan. Ya ce, "Dakta, me za ka yi da ita, ko noman za ka dawo?" Ya sa yaro ya zaro ta daga saman rumbu. Tsirkiyar da aka ɗaure ta da ita ta bushe, itacen ya yi baƙi yana sheƙi, daidai inda mahaifina ke damƙa kuma ya lotsa kaɗan, sawun yatsunsa na shekaru. Na damƙa na sunkuya. Ta yi mini gajarta, kaurinta kuma ya fi tafina. Baffa na kallo ya ce, "Ai ba taka ba ce. Tasa ce." Na roƙe shi ya bar mini ita, na taho da ita Kano, tana nan jingine a kusurwar ofishina.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu lafiyar hannun da za mu nemi halaliyarmu da shi.